Kuala Lumpur ko Bankok: Ina Za a Kai Hajiya da Yara?

Wata ranar Juma'a bayan sallar isha'i wani aminina, ɗan kasuwar yadi a Kantin Kwari, ya same ni a ƙofar gida da waya a hannu. Hotuna biyu ya nuna mini. Na farko tagwayen benayen Petronas ne na Kuala Lumpur suna ƙyalli cikin dare, na biyu kuma rufin fadar sarakunan Tailan ne a Bankok, rana ta doke shi yana ɗaukar ido. Ya ce shekara uku ke nan yana tara kuɗin wannan tafiya. Kwana goma yake so ya yi tare da mahaifiyarsa da maiɗakinsa da yara uku, amma ya rasa inda zai dosa. "Malam," in ji shi, "kai da ka taka garuruwan nan biyu, wanne ya fi?"

Kafin in ba shi amsa sai na tambaye shi yadda gwiwoyin Hajiya suke, da shekarun autansa. Ya yi mamakin tambayar, domin shi a kan gari ya zo neman shawara, ni kuma na koma kan mutanen gidansa. Amma a ganina nan ne maganar take. Hoto na nuna minti biyar ɗin da mutum zai tsaya gaban wani gini. Kwana goma kuwa salla hamsin ce, da zaman cin abinci sau talatin, da hawa da sauka daga mota ko jirgin ƙasa ba adadi, cikin zafi mai danshi da ɗan Kano bai saba da irinsa ba. A waɗannan awannin ne hutu yake yin daɗi ko ya zama wahala, kuma wanda ya fi kowa rauni a ayari shi ne zai fara jin jiki.

Akwai abubuwan da garuruwan biyu suka yi tarayya a kai, ba sai an daɗe a kansu ba. Mai fasfo ɗin Nijeriya sai da biza zai shiga kowacce daga ƙasashen, sai kuma da katin allurar rigakafin shawara. Tailan tana neman takardar wankewa daga hukumar NDLEA kafin ta ba da biza, don haka a fara shiri da wuri. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya, sai an yada zango a Doha ko Adis Ababa ko Istanbul. Malesiya tana gabanmu da awa bakwai, Tailan da awa shida, ke nan kwana biyun farko barci zai rikice wa kowa, musamman yara. Sannan ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: kada a karɓi saƙon kowa. Mu mutane ne masu kunyar cewa a'a idan ɗan'uwa ya ce a kai wa wani ƙunshi, amma ƙasashen nan biyu suna da hukuncin kisa a dokarsu kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma ana sa wa mai koren fasfo ido a filin jirgi fiye da yadda ake sa wa wasu. Abin da ba kai ka ɗaure da hannunka ba, kada ya shiga jakarka.

Kuala Lumpur gari ne matashi. Wajen 1857 ne masu haƙar kuza 'yan ƙasar Sin suka kafa sansani a inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma ma'anar sunan ke nan, mahaɗar ruwa mai laka. Wanda ya san yadda kuza ta raya Jos zai gane labarin. A daidai wannan mahaɗa aka gina Masjid Jamek a 1909, yana nan har yau, ƙaramin masallaci mai kyau da dogayen benaye suka kewaye. Turawan Ingila ne suka mulki Malesiya har ta sami 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957, shekara uku kafin Nijeriya. Wannan tarihi yana da amfani ga matafiyi ta hanyoyin da ba a zato: ana jin Turanci kusan ko'ina, daga direban tasi har mai sayar da magani, kuma soket ɗin lantarkin otal irin namu ne mai ƙafa uku.

Sauƙin da ya fi wannan girma shi ne na addini. Kusan kowane babban kanti, da tashar jirgi, da gidan mai a kan babbar hanya, yana da ɗakin salla da suke kira surau, da wurin alwala, ɓangaren maza daban na mata daban. Mace mai hijabi ba abin kallo ba ce, domin ita ce ke zaune a bayan teburin banki, ita ce 'yar sanda a bakin titi. Hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal, kuma mutanen ƙasar suna ɗaukar tambarinta da muhimmanci. Ko kalandar bango ka duba za ka ji kamar gida: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Daga Larabci suka ɗauko, kamar yadda muka ɗauko namu, kuma suna da rubutun Jawi wanda yake daidai da ajaminmu. Shafi'awa ne, don haka Hajiya za ta ji liman ya bayyana alƙunutu a sallar asuba bayan ya ɗago daga ruku'u, jama'a na cewa amin. Baƙon abu ne kaɗan ga wanda ya tashi a kan Malikiyya, amma irin baƙuncin da ke faranta rai.

Abinci ma bai yi nisa da harshenmu ba. Satay tsire ne, sai dai maimakon garin ƙuli-ƙuli, miyar gyaɗa ake tsoma shi ciki. Nasi lemak shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a haɗa da yaji mai ɗan zaƙi da gyaɗa da ƙananan kifi da ƙwai. A shagunan Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda ake kira mamak, za ka ga mai shayi yana sheƙa teh tarik daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, tamkar mai shayin bakin layinku, kuma da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Yaron da ya ƙi komai zai ci roti canai da shayi ya ƙoshi. Sai dai kada a ɗauka duk garin halal ne. Sinawa da Indiyawa mabiya wasu addinai suna da yawa a birnin, kuma titin Jalan Alor da ake yawan tallatawa baƙi cike yake da naman alade da giya. Wanda ke son cin abincin Malayawa hankali kwance ya nufi Kampung Baru, tsohuwar unguwarsu mai gidajen katako da ke zaune a gindin benayen zamani.

Abin kallo fa? Tagwayen Petronas suna da hawa 88 da tsayin mita 452, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, kuma an zana tushensu a kan tauraro mai kusurwa takwas irin na adon Musulunci. A ƙarƙashinsu akwai lambu mai filin wasan yara da wurin wasan ruwa, inda uwa za ta zauna a inuwa yara su gaji don kansu. Yanzu ma an gina Merdeka 118, mai kusan mita 679, wanda Burj Khalifa kaɗai ya fi shi tsawo. Wurin da na fi so a duk garin shi ne gidan adana kayan fasahar Musulunci da aka buɗe a 1998, kusa da Masjid Negara. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga sassan duniya, da ƙananan siffofin manyan masallatai, daga na Makka da Madina har na Samarkand da na ƙasar Sin. Na ga dattijai sun tsaya gaban waɗannan siffofi sun kasa matsawa. Kogon Batu, wurin bautar Hindu da ke arewa da gari, yana da matakala 272 da birai masu fizge abin hannu. Matasa su hau, Hajiya ta jira a ƙasa ko ta yi zamanta a masauki.

Aibin Kuala Lumpur shi ne ba ta da zurfi. Bayan kwana huɗu mutum zai lura cewa daga wannan kanti mai sanyi yake shiga wancan, kuma kayan da ke Bukit Bintang su ne ke Dubai. Manyan tituna sun yayyanka garin, ba a tsara shi don mai tafiya a ƙasa ba. Wanda zai yi kwana goma dole ya fita: Putrajaya, inda aka mai da ofisoshin gwamnati tun 1999, da masallacinta mai ruwan hoda a bakin tafki; tsaunin Genting mai sanyi; ko Malaka, tafiyar awa biyu kudu, tsohuwar daular Musulunci da tashar fatake wadda Turawan Fotugal suka ci da yaƙi a 1511. A Malaka ne za ka ji ƙamshin tarihin da babban birnin ya rasa.

Bankok kuwa wani abu ne dabam, kuma ba zan ɓoye ba, ita ce zuciyata ta fi karkata gare ta. Mutanenta Krung Thep suke kiranta. Bayan sojojin Bama sun ƙone tsohon babban birni Ayutthaya a 1767, Sarki Taksin ya koma Thonburi, sannan a 1782 Sarki Rama na Ɗaya ya tsallaka kogin Chao Phraya ya kafa sabuwar fada, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon sarauta har yau. Tailan ce ƙasa ɗaya tilo a kudu maso gabashin Asiya da Turawa ba su mulka ba. Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya sadaukar da wasu yankuna ga Faransa da Ingila, ya gyara mulki, ya hana bauta, ya tsira da ƙasarsa. Ana ganin sakamakon haka a titi: rubutunsu nasu ne, gaisuwarsu tasu ce, ba su jin dole su yi kama da kowa. Wanda ya tashi a garin da ke da sarki da fada da hawan salla zai fahimci yadda sarauta ke riƙe da mutuncin gari, kuma zai ga wani salon hakan a nan.

Ka shiga jirgin ruwan haya a Chao Phraya da hantsi, irin wanda ma'aikata da 'yan makaranta ke hawa, kuɗinsa kaɗan ne. Za ka wuce hasumiyar Wat Arun da aka lulluɓe da fasassun tangaran, da manyan kwale-kwalen dakon kaya, da gidajen katako a kan ruwa kusa da otal-otal na alfarma. A fadar sarki ba a barin mai gajeren wando ko buɗaɗɗen kafaɗa ya shiga, abin da ke wahalar da Turawa, amma mai kaftani da mai abaya sun wuce ba tambaya. A Wat Pho akwai mutum-mutumin Buddha a kishingiɗe mai tsawon mita 46. Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba za ta natsu da shiga ɗakin gumaka ba ko don kallo, kuma ba na ganin laifinsu. Ko an cire wannan, kogin da kasuwannin sun isa tafiya. Ɗan Kantin Kwari da ya shiga Pratunam, kasuwar tufafi ta sari, ko Chatuchak mai dubban rumfuna da ke ci Asabar da Lahadi, ko layin masu zinariya na Yaowarat, zai ga yadda wasu ke jera kaya da yin ciniki, ya dawo da dabarar da zai yi amfani da ita a rumfarsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu suke yanke wa Bankok hukunci da kalma ɗaya, wai garin masha'a ne, ba wurin Musulmi ba. Masha'a tana nan a wasu 'yan tituna sanannu. Amma Musulunci ya riga birnin kansa zama a wurin. Masallacin Tonson da ke Thonburi ya samo asali tun zamanin Ayutthaya, kafin a kafa fadar yanzu. Tun farkon ƙarni na 17 wani ɗan kasuwa daga Farisa, Shaihu Ahmad, ya sami muƙami babba a fadar Ayutthaya, kuma sarautar Chularajmontri da aka fara da shi ita ce har yau sarautar shugaban Musulmin ƙasar. Masallatan Bankok sun haura ɗari. Akwai na Bang Luang da aka gina da salon ginin Tailan, ba ƙubba, wanda in ba a faɗa maka ba ba za ka ce masallaci ba ne. Akwai masallacin Haroon a cikin wani lungu kusa da titin Charoen Krung, inda ake sayar da abinci bayan an sauko daga Juma'a. A bakin mashigin ruwa na Saen Saep akwai unguwar Ban Khrua ta Musulmi 'yan ƙabilar Cham, masaƙan alharini; su ne suka yi wa Ba'amurken nan Jim Thompson saƙar da ta fitar da sunan alharinin Tailan a duniya bayan yaƙin duniya na biyu. Gidansa yana tsallaken ruwan, ya zama gidan tarihi, shi kuwa ya ɓace a tsaunukan Cameron na Malesiya a 1967, ba a sake ganinsa ba. Hatta miyar massaman da Tailan ke alfahari da ita, daga kalmar Musulmi sunanta ya fito. Zama da waɗannan mutane, tsiraru masu riƙe da addininsu cikin mutunci a tsakiyar mabiya Buddha, ya koya mini abin da Kuala Lumpur ba ta koya mini ba.

To amma duk wannan sai an neme shi, kuma neman yana cin ƙarfi. Naman alade shi ne naman yau da kullum a Bankok, yana shiga romo da miya da abin da ba ka zata ba. Kana iya koyon cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, sai dai tukunya da cokalin ɗaya ne. Dole ka nemi tambarin halal na majalisar Musulmin ƙasar, ko rumfar da mai hijabi ke tsaye a kai, ko ka tafi unguwannin Musulmi irin su Ramkhamhaeng ka ci khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza. Namiji shi kaɗai zai ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na yawon. Uba mai yara uku da suka fara kukan yunwa ƙarfe biyu na rana, a titin da ba ya iya karanta allon kowane shago, ba zai ga daɗin abin ba.

Ga wani tarko da ya kamata mai iyali ya sani. Unguwar da aka fi tura baƙi Musulmi ita ce Sukhumvit Soi 3, inda gidajen abincin Larabawa da na 'yan Afirka suke, kusa da asibitin Bumrungrad da masu jinya daga ƙasashen Larabawa ke zuwa. Abinci halal ne, ana jin Larabci. Amma tsallaka titi kawai, a Soi 4, nan ne Nana Plaza, ɗaya daga cikin manyan wuraren masha'ar garin, kuma da magariba ta yi abin yakan malalo har bakin hanya. Ba wurin da zan kama wa mahaifiyata ɗaki ba ne. Mai iyali ya nemi masauki a bakin kogi ko wajen Ratchathewi.

Zirga-zirga ma haka. Cunkoson motocin Bankok sananne ne a duniya. Jirgin sama-da-titi na BTS da aka buɗe a 1999 da na ƙarƙashin ƙasa da ya biyo baya a 2004 sun rage wahala, sai dai tashoshin suna da matakala da yawa, kuma jiragen ruwa ba sa jiran mai tafiya a hankali. Sukan taɓa gaɓa ne su wuce. Tuk-tuk ɗan'uwan A Daidaita Sahu ne, amma sai an yi ciniki kafin a hau, kuma idan wani mai fara'a ya tare ka kusa da fada ya ce yau a rufe take, zai kai ka wani wuri, to shagon duwatsun ado zai kai ka. Sannan a kama baki game da gidan sarauta: sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma bai ware baƙo ba.

Lokacin tafiya yana iya sauya lissafi. Kuala Lumpur kusan yanayi ɗaya take da shi duk shekara, zafi da danshi da ruwan sama mai ƙarfi da yamma wanda ba ya daɗewa. Bankok ta fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu ne watan da ya fi zafi, kuma daga 13 zuwa 15 ga watan ake bikin Songkran, inda ake watsa wa duk wanda ya fito ruwa, babba da yaro, ɗan gari da baƙo. Dogon hutun makarantunmu kuwa yana faɗawa ne a tsakiyar daminar Bankok. Ga wanda tafiyarsa ta zo cikin azumi, babu ma abin tattaunawa: kasuwannin buɗa-baki na Kuala Lumpur da tarawihin masallatanta sun raba gardama.

Aminin nawa ya ce ko za a raba, kwana biyar nan biyar can, tunda tsakaninsu tafiyar awa biyu ce a jirgi. Na hana shi. Biza biyu ke nan ga mutum shida, da ƙarin kwana guda da zai ƙare a ɗaure kaya da zaman filin jirgi, ga dattijuwa da ba ta gama warwarewa daga doguwar tafiyar farko ba.

Da ya gaya mini Hajiya ta haura saba'in, a zaune take salla saboda ciwon gwiwa, autansa kuma shekararsa huɗu, sai na ce masa: "Alhaji, Kuala Lumpur za ku." Na faɗa ne ina sane da cewa Bankok ta fi ta tarihi, ta fi ta kasuwa, ta fi ta abin ba da labari. Amma wannan tafiya ba tasa ba ce shi kaɗai. Hajiya za ta so ta ji kiran salla daga ɗakinta, ta ci abinci ba tare da ɗanta ya tsaya yana tambayar abin da aka sa a ciki ba, maiɗakinsa ta shiga kasuwa da 'yarta ba tare da tsoron ɓata ba. Shi kuma zai huta daga zama mai gadi dare da rana. Bankok na ce ya ajiye ta sai tafiyar da zai yi shi da maiɗakinsa su biyu, ko da babban ɗansa idan ya fara zama a rumfa, a watan Disamba, su sauka a bakin kogi, su yi Juma'a a masallacin Haroon, washegari su yi sammakon Chatuchak kafin rana ta ɗaga.

Ya yi shiru yana kallon hoton fadar, sannan ya tambaye ni unguwar da za su sauka a Kuala Lumpur. Na ce ya nemi gida mai ɗakuna da kicin kusa da lambun Petronas, ba ɗakunan otal uku ba, domin Hajiya ta sami inda za a dama mata kunu da safe, kuma ya sa maiɗakinsa ta ƙulla garin kunun da ɗan yaji tun daga gida, su bayyana shi ga jami'an kwastan idan sun sauka.